Roƙon da Mamuda Bai So a Karɓa Ba

A Kankia, in aka wayi gari an kama ɗanka, ba lauya za ka fara nema ba, ba kuma kansila ba. Rumfar Malam Mamuda za ka nufa, can bakin tasha, inda yake sayar da buhunan zuba hatsi da igiyoyin ɗaurin kaya. In ba ka same shi a rumfa ba, to yana ofishin 'yan sanda, wani ya riga ka. Kashe-Wuta ake ce masa, har yaran yanzu ba su san yana da wani sunan ba, domin kowace irin rigima aka kawo gabansa, kafin mai magana ya dire zai ɗaga hannu ya ce, "A kashe wutar nan a gida."

Asalinsa mutumin Fakuwa ne, ɗan manoman gero da dawa. An kawo shi Kankia karatu gidan wani malami, karatun ya ƙi zama, amma bai tashi a tutar babu ba. Shekara da shekaru yana zaune gefen buzu yana kallon yadda malamin ke raba faɗan magada da na maƙwabta, ya kwashe wannan tsaf, ya bar wa sauran ɗalibai nahawu. Da malamin ya rasu 'ya'yansa suka gaji littattafai, Mamuda ya gaji masu rigima.

Aikin nasa yana da ƙa'ida kamar kowace sana'a. Ba ya zuwa roƙo sai da farar babbar riga wadda ta sha bugu. Ba ya zuwa shi kaɗai, sai da wasu dattawa biyu da ba su da aikin komai sai gyaɗa kai da cewa "ƙwarai kuwa". A bakin ƙofar ofis yake tuɓe takalmi, alhali ba wanda ya taɓa cewa ya tuɓe, ya shiga ya durƙusa gaban ɗan sandan da bai wuce sa'an ɗansa ba. Kuma bai taɓa musun laifi ba. Shi ne ma zai fara wanke mai laifin tas, ya zage shi ta uwa ta uba, ya ce a miƙo masa bulala shi da kansa, har sai mai ƙara ya ji abin ya yi yawa ya ce, "Haba Malam, ai bai kai nan ba." To, an zo wurin. Daga nan sai tonon dangantaka, kafin ka ce kwabo ya gano kakar mai ƙara da kakan ɓarawo rijiya ɗaya suka sha a Sukuntuni. Sai karin magana ta biyo baya, ɗa na kowa ne, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. In abin ya ci tura, yana da wasu 'yan hawaye da yake ajiyewa don irin wannan rana. Ko sisi ba ya karɓa, wanda ya kawo masa goro ma sai ya sha faɗa. Ladansa kawai a nuna shi a ce ga mutumin da ba ya barin ɗan unguwa ya ga ƙofar gidan yari.

Abin da zai ba ka dariya, in kana da sauran dariya, shi ne majalisar da ke zama gindin dalbejiyar gaban rumfarsa bayan la'asar. Direbobi ne da 'yan kamasho da dillalan hatsi da tsofaffin malaman firamare, hirarsu kuwa ɗaya ce kullum: 'yan sanda ba su da amfani. A kama ɓarawo da safe, da yamma ka gan shi wurin mai shayi yana cewa a ƙara masa madara. A wannan hira Malam Mamuda ne liman. Zai gyara zama a kan tarin buhu ya ce, "Ƙasa ta lalace. Hukumar da ba ta hukunci, mi sunanta?" Masu gyaɗa kai su gyaɗa. Washegari da sassafe ɗaya daga cikin masu zagin nan zai yi sallama a zaurensa, ido ya yi ja, an kama ƙanen matarsa. Mamuda ya sa riga. Bai taɓa ganin wani karo tsakanin abin da yake yi da safe da abin da yake faɗa da yamma ba, kuma ba munafunci ba ne, har cikin zuciyarsa haka yake. A wurinsa waɗanda 'yan sanda ke saki ɓarayi ne, waɗanda shi yake karɓowa kuwa 'ya'yan mutane ne da shaiɗan ya ruɗa.

Da can abin da sauƙi. Laifin garin bai wuce akuya ta ɓata, ko damin gero ya yi ƙafa daga gona, ko samari sun fasa wa juna baki wurin kallon ƙwallo. Shekarun nan ne al'amari ya canza. Na daji suna can suna tasu ta'asar, sun hana mutane noman gonakin nesa, cikin gari kuma ƙauraye suka taso, samari masu haɗiyar ƙwaya da wuƙa a ƙugu, waɗanda ke raba mutum da wayarsa ko babur ɗinsa da rana tsaka. Mata suka koma ƙulle waya a bakin zane, 'yan acaba suka daina ɗaukar baƙon ido zuwa bayan gari. Aikin Mamuda ya ninka, babbar rigar har ta fara cinyewa a wuya. Matarsa Hadijatu, wadda ke wanke ta, ta taɓa ce masa, "Malam, da dai ɓarayin kaji kake ɗaukowa. Waɗanga kau mutane suke yanka." Ya ce mata mace ba ta san zaman duniya ba, ta ce to.

Ana nan sai aka kawo wani sabon sufeto, Habibullahi, siriri mai ƙarancin magana, wanda tuɓe takalmi ba ya burge shi. In laifin ƙarami ne yakan bar dattawa su sasanta, amma duk abin da aka zare wuƙa a kai, ko za ka kwana a durƙushe ba ya ɗagowa. Ranar da suka fara haɗuwa ya saurari Mamuda har ƙarshe, da zagin da dangantakar da hawayen, sannan ya ce, "Baba, ku ke kawo mana su a ɗaure, ku ke zuwa ku karɓe su, ku ne kuma ke zaginmu mun sake su. Wanne za mu ji?" Mamuda ya fito yana huci, ya shaida wa majalisa an kawo musu yaro marar tarbiyya. Majalisa ta karɓa. Daga ranar 'yan sanda suka sami laifi biyu, suna sakin ɓarayi, kuma ba sa jin roƙon manya.

Akwai mutum ɗaya a duniya da bakin Mamuda bai taɓa iya kama sunanta ba, 'yarsa ta fari, Hannatu. Tun da aka yaye ta yayarsa Inno ta ɗauke ta, kamar yadda aka saba, shi kuma ya bi kunyar ɗan fari har ya wuce makaɗi da rawa. "Ta Inno" yake ce mata. Bai taɓa ɗaukarta gaban mutane ba. Ranar ɗaurin aurenta da Malam Abdurrahim, wani malamin Islamiyya a Kusada, gona ya tafi wai zai duba shinge. In ta zo gaishe shi a rumfa, buhuna yake kallo yana amsawa. Amma duk atamfar da ta shigo kasuwa ta yi masa kyau sai ya saya, ya ba Hadijatu ya ce Inno ce ta ce a kai wa yarinyar nan, ita kuwa Inno ba ta san an yi ba. Cikin 'ya'yansa duka ita ya fi so, kuma ya ɗauka ba wanda ya sani, alhali ko kajin gidan sun sani. Hannatu kitso take yi. Amare tun daga ƙauyukan Kusada har cikin Kankia layi suke bi a tsakar gidanta, ana cewa in ta yarfa wa mace shuku sai ya yi wata bai tashi ba.

Wata rana da yamma ta sauko daga motar Kusada za ta gidan Inno. Ta ciro waya don ta gaya wa mijinta ta iso lafiya, sai wani saurayi ya cafke wayar. Ita kuma, da taurin kan da ta gado wurin wanda ba ya faɗin sunanta, ta ƙi saki. Ya zare wuƙa ya sare ta a wuyan hannun dama. Duk wannan a bakin titi, rana ba ta ko yi ja ba, tsakaninta da rumfar ubanta bai fi a yi kira a ji ba. Direbobi da 'yan acaba suka rufe saurayin da duka, da 'yan sanda ba su iso ba da sai dai gawarsa. Wannan ma majalisa ta rubuta musu shi cikin laifuffukansu, wai sun hana a gama da shi.

Saurayin ba baƙo ba ne. Abdullatif ne, ɗan Babba mai faci, abokin Mamuda tun suna samari, kuma bara waccan Mamuda ne ya karɓo shi a kan satar batirin mota.

A asibiti Mamuda bai shiga ɗakin ba. Ya tsaya a baranda, hannu a baya, yana tambayar Hadijatu, "Ya mai jikin?" kamar wanda ya zo duba 'yar maƙwabci. Ta ce likita ya ce jijiyoyi sun yanke, an ɗinke abin da zai ɗinku, amma yatsun ba lallai su sake lanƙwasuwa ba. Ya ce Allah ya sawwaƙe, ya juya. Sai da ya isa gida ya shige ɗaki sannan ya yi kukan da ba na ofishin 'yan sanda ba. Ransa ya ɓaci ɓacin da bai san yana da irinsa ba. So yake yaron nan ya ruɓe a gidan yari, ya tsufa a can, ya fito ba haƙori. Ya lalubi karin maganar da yake shafa wa mutane ko ɗaya zai yi masa magani, ya ji duk ba su da ɗanɗano. Ashe gaskiya ne, wanzami ba ya son jarfa.

Kwanaki kaɗan da yin abin, yana zaune a zaure da hantsi, sai ga sallama. Babba ne a gaba, ya rame ya yi zuru-zuru, bayansa limamin unguwa, bayan liman kuma dattawan nan biyu masu gyaɗa kai, nasa na kansa, yau an aro su an kawo masa. Suka tuɓe takalma tun daga waje. Babba ya zube ƙasa ya fara zagin ɗansa, yana cewa da ma a ciki ya mutu, da ma shi aka sara. Mamuda yana kallonsa yana gane kowane taki, har inda Babba ya yi gaggawa ya tsallake dangantaka ya faɗa kuka tun lokacinsa bai yi ba. Ya jira ya ji ko zuciyarsa za ta ce bai kai nan ba. Ba ta ce ba.

Liman ya yi gyaran murya. Ya ce sun je wurin sufeto ya ƙi, kansila ya je ya ƙi, wani babban ɗan kasuwa ya yi waya ya ƙi, ya ce kotu zai kai. "Saura kai, Malam Mamuda. Mun san da ciwo, wallahi mun sani. Amma duba nan, ɗiyar fari ce. In ka tsaya kai da fata a kanta, mi duniya za ta ce? Cewa za a yi Mamuda shina kashe wutar kowa, tashi ce kaɗai yake hurawa. Kai ka koya muna kara a garin nan."

"Ƙwarai kuwa," in ji masu gyaɗa kai.

Mamuda ya dubi ƙasa. A duk rayuwarsa bai taɓa ganin wanda dattawa suka cika wa zaure ya ce musu a'a ba, don shi ne ke tabbatar da ba a ce ba. Ya ji bakinsa ya ce, "To. Allah shi kai mu gobe."

Suna fita Hadijatu ta fito daga bayan ƙyaure, inda ta ji komai. "To? To ka ce masu? Hannun ɗiyar tawa?"

"Ke, saurara. Liman a zaurena, ta ina zan ce a'a?" Ya rage murya, har da ɗan murmushin wanda ya gano hanya. "Zuwa zan yi, amma ba roƙo zan yi ba. Kin manta wurin wa za mu? Sufeton nan ba ya jin roƙo. Kansila ma ya kora. Ni in fita kunyar mutane, shi kau shi ce a'a a madadina, a kai ɗan banza kotu. Kowa ya samu nashi."

Hadijatu ta dube shi ta ce, "Allah shi sa." A sallar la'asar ta ranar, mutumin da ya yi wata da watanni yana kiran sufeto marar tarbiyya ya ɗaga hannu ya roƙi Allah ya ƙara wa sufeto taurin kai.

Washegari ya shirya faɗuwa da kyau, yadda wani ke shirya cin nasara. Ya bar farar rigar a rataye, ya sa wata tsohuwar 'yar shara da yake zuwa gona da ita. A ƙofar ofis bai tuɓe takalmi ba. Da suka shiga bai durƙusa ba, ya sami benci ya zauna. Can gefe ga surukinsa Malam Abdurrahim, wanda ya shigar da ƙarar a madadin matarsa, ya zo tun daga Kusada da zuciya kamar garwashi. Yana ganin surukinsa ya shigo tare da uban ɓarawo da liman, ya sauko daga kujera ya tsuguna, ya gaishe shi, ya sunkuyar da kai bai sake ɗagowa ba.

Sufeto Habibullahi ya ajiye biro ya jingina, yana jiran wasan da ya saba gani. Mamuda ya ce, "Yallaɓai, an ce in zo, na zo." Ya yi shiru.

Ba zagi, ba rijiyar Sukuntuni, ba karin magana ko ɗaya. Masu gyaɗa kai suka dubi juna, suka rasa abin da za su gyaɗa wa, suka gyaɗa haka nan. Shirun ya yi tsawo. Mamuda a ransa yana cewa madalla, roƙo bai taɓa lalacewa irin na yau ba. Abin da bai sani ba shi ne yadda yake a idon masu kallo: dattijo cikin tsummar riga, ido ya faɗa, baƙin ciki ya hana shi ko tuna takalmi, 'yarsa na kwance da hannu a naɗe, amma ya tako ya zo nema wa wanda ya sare ta sassauci, har magana ta gagare shi. Babba ya fashe da kuka na gaske. Wani kofur da ke bakin ƙofa ya juya baya yana share ido. Duk shekarun da Mamuda ya yi yana gyara sana'arsa, bai taɓa yin roƙo mai ƙarfin wannan ba.

Sufeto ya numfasa. Ya ce, "Baba, bari in gaya maka inda nake. A tasha aka yi abin nan, gaban mutane kamar su cika masallaci. Na aika a nemo mini shaida, kowa ya ce yana alwala lokacin. Waɗanda suka kusa kashe shi da duka ma sun ce ba su ga fuskarsa ba. Na kori kansila, na kori kowa, don na ɗauka gidanku zai tsaya. Ita yarinyar ba za ta shiga kotu ta tsallake ubanta da mijinta ba, ka sani na sani. Yanzu ga uban nata cikin masu roƙo. Da wa zan je gaban alƙali?" Ya matso da kujerarsa. "Tambaya ɗaya zan yi maka, kuma kada ka yi mini karin magana. Kana so a kai shi kotu? Ka ce e, wallahi yau zan tura."

Kalmar tana nan a bakin Mamuda, 'yar ƙarama, ko yaro mai koyon magana zai iya ta. Amma gwiwar liman tana taɓa tasa gwiwar, Babba yana ƙasa riƙe da bakin 'yar shararsa, kuma yana jin yadda labarin zai isa gindin dalbejiya kafin shi ya isa: Mamuda ya tsaya gaban hukuma ya zaɓi 'yarsa ta fari. Sai ya hango mafita ta biyu tsugune a gefe. Yaron nan mijinta ne, ai shi ba zai yarda ba.

"Yallaɓai," ya ce, "ɗiya in ta yi aure ta fita hannun uba. Ga mijinta nan, shi ke da magana."

Sufeto ya juya. "Malam Abdurrahim?"

Abdurrahim ya kwana yana tsara abin da zai faɗa, har da aya da hadisi a kan ƙisasi. Amma me zai yi? Uban matarsa ya tako da ƙafarsa cikin ayarin ban-haƙuri, ya kuma yi masa kara ya miƙo masa maganar gaban dattawa. In ya ce kotu, ya kunyata surukinsa a bainar jama'a, ya nuna ya fi uban da ya haife ta jin ciwonta. Idonsa a kan siminti, ya ce, "Abin da Baba ya zo da shi, shi ne nawa."

"Allahu akbar!" in ji liman. "Gida na mutunci!"

Sufeto ya daɗe yana duban su biyun. Ko ya gane ko bai gane ba, Allah masani. Ya jawo takarda ya ce tunda masu ƙara sun janye, zai ba da belin yaron, amma ba a hannun ubansa ba, don uban ya gaza. "A hannunka zan ba da shi, Baba. Kai garin nan ke jin maganarka." Haka Malam Mamuda ya dangwala yatsa ya tsaya wa Abdullatif, aka fito masa da shi fuska a kumbure, ya tasa shi gaba suka fito, mutane na ta sa masa albarka har bakin titi.

Kafin la'asar labari ya gama gari. An ce Mamuda waliyyi ne, an ce irinsu sun ƙare, wani direba ya rantse zai sa wa ɗansa sunansa. Da majalisa ta cika aka gama yabonsa, sai aka koma kan abin da aka saba. "Kun gani ko? Mutum shi sari mace da rana tsaka, ko sati bai yi ba sun sake shi. Wallahi an ci kuɗi." Mamuda, wanda tun zuwansa bai ce uffan ba, ya ɗago ya ce, "Ba su ci komi ba. Sufeton nan ya yi aikinshi, mu ne." Sai wani tsohon malamin firamare ya girgiza kai cike da sha'awa ya ce, "Ku ji mutumin kirki. Har 'yan sandan ma rufa masu asiri yake."

Ya yi kwanaki yana kewaye unguwar Inno, inda aka kai Hannatu jinya bayan an sallame ta. Da abin ya ishe shi ya sayi lemo ya tafi, wai ya zo gaida yayarsa. Inno ta amsa gaisuwar a taƙaice, ta tashi ta ce za ta duba tukunya, alhali ba wuta a murhu. Hannatu tana zaune a tabarma bakin ƙofar ɗaki, hannun dama rataye a wuya, yatsun sun fito daga cikin bandeji a miƙe. Kanta ba kitso, an dai tufke shi da ɗankwali. Ta yunƙura ta durƙusa ta gaishe shi kamar kullum, shi kuma ya amsa yana kallon randa.

"Ya jikin?"

"Da sauƙi, Baba. Na ji ana ta yabo. An ce ko magana ba ka yi ba aka ba ka shi."

Ba gatse a muryarta, shi ya sa abin ya fi ciwo. Ya buɗe baki zai ce mata ba haka ya nufa ba, ya so ya faɗi ne, ya sa rigar gona, ya roƙi Allah a kan sufeto. Ya ji yadda zancen zai fito, ya mayar da shi.

Ta ce, "Ranar da aka kwantar da ni, wata 'yar sanda ta zo ɗaukar bayani. Ta ga ina ta firgita, ta ce in kwantar da hankalina, mai gidansu ba ya jin roƙo, ba mai fitar da shi. Na ce mata ai ni ban damu ba. Duk Kankia mutum ɗaya ne zai iya fitar da shi, shi kau ubana ne." Ta ɗan yi murmushi. "Ranar har barci na yi."

Ta jawo moɗa ta ɗebo ruwa daga randar da ke gefenta, rabi ya zube a tabarma don hannun bai saba ba, ta miƙo masa.

"Ka yi haƙuri, Baba, da hagu na ba ka."

Ya sa hannu biyu ya karɓa, ya riƙe moɗar a cinyarsa, ya kasa kai ta baki.